Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Labarin Masu Binciken Lantarki Da Maganaɗisu

Duk wanda ya taɓa kai fankarsa gyara a Nima ko Sabon Zango a nan Ankara, ko kuwa a Aboabo ta Kumasi, ya san irin shagon da muke nufi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne cike da matattun fankoki da injunan niƙa da janareto. Ga mai shagon zaune da ƙullin wayar jan ƙarfe a cinyarsa, yana warware wadda ta ƙone yana ƙirga zagayenta, domin ya mayar da sabuwa daidai yadda ya tarar da tsohuwar. In ya gama ya jona wuta, sai ka ga fankar da aka fid da rai da ita ta tashi tana juyi.

To, amma tambaye shi abin da ya sa tilas zagayen ya zama kaza, ko abin da ya sa in aka sa siririyar waya take ƙonewa. Sau da yawa amsar ita ce, "Haka maigidana ya koya mini." Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba abin kunya ba ne. A wannan unguwar kuwa za ka sami ɗalibin sakandare wanda zai cika maka allo da lissafin lantarki, alhali kuwa ko soket bai taɓa kwancewa ba. Kowanensu yana riƙe da rabin ilmi ɗaya, kuma ba su san juna ba.

Wannan ilmin shi ne ake kira fiziks, watau binciken yadda haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa suke gudana. Masanansa kashi biyu ne. Akwai masu nazari, waɗanda kayan aikinsu alƙalami ne da lissafi. Akwai kuma masu gwaji, waɗanda suke haɗa na'ura su auna su gani da idonsu. A wannan watan muna so mu ba mai karatu labarin yadda waɗannan kashi biyu suka taru suka gano asirin lantarki, da irin rawar da wani ɗan ƙasarmu Gana ya taka, da kuma abin da ya shafe mu mu mutanen zango a ciki.

Ɗan maƙeri da mai lissafi

Cikin shekarar 1820 wani malamin jami'a a ƙasar Denmak, mai suna Hans Christian Ørsted, ya lura cewa in wutar batir ta bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar takan karkace. Kafin wannan lokacin galibin masana suna ɗaukar lantarki dabam, maganaɗisu dabam. Wannan 'yar allura ce ta nuna musu ashe dangin juna ne.

Wanda ya fi kowa bin diddigin al'amarin shi ne Michael Faraday na ƙasar Ingila. An haife shi cikin 1791, ubansa maƙeri ne matalauci, karatunsa na makaranta kuwa bai taka kara ya karya ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar ɗinke littattafai, ya yi shekara bakwai a hannun maigidansa, kamar dai yadda yaranmu suke yi a gareji. Bambancinsa da sauran yara shi ne, littafin da aka kawo ɗinki sai ya karanta shi. Cikin 1813 wani shahararren masani, Humphry Davy, ya ɗauke shi ya zama yaronsa a ɗakin gwaji.

Tambayar da ta dami Faraday ita ce: tun da lantarki yana haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu zai iya haifar da lantarki? Ran 29 ga watan Agusta, 1831, ya sami zoben ƙarfe ya naɗa masa waya biyu, ɗaya a wannan gefen, ɗaya a wancan, ba su taɓa juna. Da ya jona ta farko da batir, sai allurar awon da ke haɗe da ta biyu ta zabura, sa'an nan ta koma ta kwanta. Da ya cire batirin, ta sake zabura. Daga baya ya cusa sandan maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya, ya ga wuta tana zuwa ne kawai yayin da sandan yake motsi. Ashe asirin yana cikin canji ne: maganaɗisun da ke zaune ba ya ba da wuta, sai wanda yake motsi, ko yake ƙaruwa da raguwa.

Wancan zoben shi ne kakan taransifomar da ke bakin layinmu. Sandan da wayar kuwa su ne kakannin janareto. A madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka gama cikin 1965, ruwan kogin Volta ne yake juya manyan injuna shida masu ƙarfin megawat 1,020, amma aikin bai wuce na Faraday ba, watau juya maganaɗisu a kusa da naɗaɗɗiyar waya.

Sai dai Faraday bai iya lissafi mai zurfi ba. Ya kwatanta abin da ya gani da cewa akwai wasu layuka da ido ba ya gani suna fita daga maganaɗisu suna cika sarari, manyan masana da yawa kuwa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Wanda ya ɗauke ta shi ne James Clerk Maxwell, mutumin Sikotlan, wanda aka haifa cikin wannan shekarar ta 1831. Shi gwanin lissafi ne. Ya zauna ya mayar da layukan Faraday lissafi, cikin 1865 kuma ya fito da sakamakon da ya ba kowa mamaki. Lissafin ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu za su iya yin ta haifar da juna suna tafiya cikin sarari kamar igiyar ruwa, ba tare da waya ba, da gudun kimanin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan gudun ya zo daidai da gudun haske wanda masu gwaji suka riga suka auna. Sai Maxwell ya ce, to, lalle haske ma irin wannan igiyar ce.

Maxwell ya mutu cikin 1879 bai ga an tabbatar da maganarsa ba. Sai cikin 1887 Heinrich Hertz, a garin Karlsruhe na Jamus, ya tayar da tartsatsin lantarki a wani gefen ɗaki, ya ga wani ɗan tartsatsi ya amsa a jikin zoben waya a ɗaya gefen, ba abin da ya haɗa su. Shekara 22 ke nan tsakanin lissafin da gwajin. Daga nan rediyo ta samo asali, shi ya sa sunan Hertz yake jikin kowace rediyo, a cikin kilohaz da megahaz ɗin da muke murɗawa. Iyayenmu da suka fara jin Sashen Hausa na BBC cikin 1957, a kan igiyar Maxwell muryar ta taho musu daga Landan.

Yanzu mu koma shagon mai fanka. Wutar da ke gidajenmu ba hanya ɗaya take bi ba, tana zuwa tana komawa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka maganaɗisun da take haifarwa cikin naɗin fanka kullum cikin canji yake. Amma naɗi ɗaya ba zai nuna wa fankar gefen da za ta juya ba. Shi ya sa ake sa naɗi na biyu da kafasita, wadda aikinta shi ne ta sa wutar naɗin biyu ta saɓa lokaci da ta farko, sai maganaɗisun ya zama kamar yana kewayawa, ya ja fankar ta bi shi. In kafasita ta mutu, ka ji fanka tana gurnani ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin haka. Dalilin ne kawai ba kowa ya sani ba.

Abin da ke gudu cikin waya

Saura tambaya ɗaya: mene ne ainihin abin da yake gudu cikin wayar? Cikin 1897 J. J. Thomson, a jami'ar Kambirij, ya gano wata ƙwaya mai ɗauke da lantarki, wadda ƙwayar zarra mafi sauƙi ta fi ta nauyi sau 1,800 da wani abu. Ita ce ake kira ilektiron. Cikin 1911 kuma Ernest Rutherford ya nuna cewa kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi a tsakiya, ilektiron kuwa suna kewaye da ita.

Da wannan aka fahimci halin kayayyaki. A cikin jan ƙarfe, ilektiron na can waje ba su zauna wa ƙwayar zarra ɗaya ba, yawo suke yi cikin ƙarfen duka, shi ya sa wuta take bi cikin sauƙi. A cikin roba kuwa kowane ilektiron a ɗaure yake, shi ya sa ake rufe waya da ita. In waya ta yi siriri, hanyar ta ƙuntata, ilektiron suna ta karo da ƙwayoyin ƙarfen, sai zafi ya tashi har naɗin ya ƙone. Ga amsar tambayar da muka yi wa mai fanka. Akwai kuma wasu kayan da suke tsaka-tsaki, irin su silikon, waɗanda ake iya buɗe wa wuta hanya a cikinsu a kuma rufe. Binciken irinsu ne ya haifar da taransista cikin 1947 a Amurka, kuma a kansu aka gina kwamfuta da wayar hannu da farantin sola.

Shekara biyu kafin gano ilektiron, watau cikin Nuwamba 1895, Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Shi ne hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Daga baya aka tabbatar shi ma igiyar Maxwell ce, sai dai gajeruwa ƙwarai. Masana kuma suka gane cewa ba ƙashi kaɗai yake nunawa ba, har cikin ƙarfe ana iya leƙawa da shi. A nan ne ɗan ƙasarmu ya shigo labarin.

Ɗan Saltpond

An haifi marigayi Farfesa Francis Kofi Ampenyin Allotey ran 9 ga watan Agusta, 1932, a garin Saltpond na bakin teku. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da littattafai cikin hajarsa, uwarsa kuwa tela ce. Kamar Faraday, shi ma a shagon littattafai ya fara karanta tarihin masana. Ya yi karatu a Ghana National College ta Cape Coast, wadda Kwame Nkrumah ya kafa cikin 1948, sa'an nan ya wuce Imperial College ta Landan. Ya sami digirinsa na dakta cikin 1966 a jami'ar Princeton ta Amurka.

Abin da ya yi bincike a kansa shi ne litiyam, ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, har yakan yi iyo bisa ruwa. Ƙwayar zarrarsa ilektiron uku gare ta, biyu a ciki kusa da cibiya, ɗaya a waje yana yawo cikin ƙarfen. In masu gwaji suka harbi ƙarfen suka fizge ɗaya daga na cikin, sai a bar gurbi. Nan take wani daga masu yawon ya faɗa gurbin, ya saki ƙarfin da ya rage masa a matsayin hasken eksire. Wannan hasken mai laushi ne ƙwarai, na asibiti ya fi shi ƙarfi sau ɗaruruwa har dubu, kuma ko iska bai iya ratsawa da nisa, saboda haka sai cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa ake auna shi. Amfanin awon shi ne, yanayin hasken da ya fito yana ba da labarin yadda ilektiron suke zaune cikin ƙarfen.

Matsalar ita ce, abin da masu gwaji suka auna a litiyam bai dace da abin da masu lissafi suka ce za a gani ba. Bari mu kwatanta da tashar mota. In fasinja ɗaya ya sauka daga tiro-tiro a lokacin cunkoso, ba wanda ya sami kujerar kaɗai yake motsawa ba, duk taron da ke bakin ƙofa sai ya turo wajen. Lissafin da aka saba yi yana duban wanda ya zauna ne kawai. Allotey ya ce a'a, gurbin nan da aka bari yana jan sauran ilektiron masu yawo, yana karkatar da su, kuma wannan ja yana canja yanayin hasken da zai fito. Ya sa wannan cikin lissafinsa, aka buga aikin cikin 1967 a mujallar Physical Review ta Amurka. A wannan shekarar Gerald Mahan ya fito da nasa nazarin a kan irin matsalar, cikin 1969 kuma Nozières da De Dominicis na Faransa suka ƙara zurfafa ta. Haka ilmi yake tafiya, kowa ya ɗora tubalinsa. A nan gida ana kiran hanyar lissafin da ya bi da sunansa har yau.

Abin lura shi ne ya dawo gida. Ya koyar a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, inda cikin shekarun 1970 ya zama ɗan Gana na farko da ya kai matsayin cikakken farfesan lissafi, ya kuma yi tsaye wajen shigo da karatun kwamfuta. Ya shugabanci hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ya kuma taimaka aka kafa cibiyar AIMS ta koyar da lissafi mai zurfi a Gana cikin 2012. Ya rasu ran 2 ga watan Nuwamba, 2017, yana da shekara 85.

Cikin malaman da ya tarar a Imperial College akwai Abdus Salam na Pakistan. Shi ne wanda lissafinsa, tare da na Glashow da Weinberg, ya nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu dangi ne da wani ƙarfin da ke aiki cikin cibiyar zarra. An ba su lambar Nobel cikin 1979, ƙwayoyin da lissafin ya ce akwai su kuwa sai cikin 1983 masu gwaji suka gan su a cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan. Salam ya kafa wata cibiya a Trieste ta Italiya cikin 1964, musamman domin masanan ƙasashe matalauta su riƙa zuwa suna ƙaro ilmi suna komawa gida.

Ba sai an ƙetare teku ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan aikin ƙasashen Turawa ne. A Kwabenya, bayan Legon, akwai hukumar makamashin nukiliya wadda aka kafa cikin 1963. Ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke can, ƙirar ƙasar Sin, ta fara aiki a ƙarshen 1994. Ba domin ba gari wuta aka yi ta ba. Aikinta shi ne a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a ciki, ƙwayoyin da ake kira niyutiron su buge shi, sa'an nan a auna hasken da yake fitarwa a san irin sinadaran da ke cikinsa da yawansu. Cikin 2017 aka canja mata makamashi zuwa yuraniyam wanda ba a tace shi sosai ba. Irinta ce aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 2004. A Kuntunse kuma, kan hanyar Nsawam, an mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 na'urar sauraron igiyoyin rediyo da ke zuwa daga taurari, aka buɗe shi cikin Agusta 2017.

Ga kuma wani abin mamaki. Litiyam ɗin da Allotey ya yi nazari a takarda a Amurka, ashe yana kwance cikin duwatsun Ewoyaa, kusa da mahaifarsa Saltpond. Cikin Oktoba 2023 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniyar haƙarsa. Ba mu ce batirin wayarmu daga lissafin Allotey ya fito ba, wannan wani binciken ne dabam, wanda kamfanin Sony ya fara sayar da sakamakonsa cikin 1991. Abin da muke cewa shi ne, ƙarfen da duniya take nema ruwa a jallo saboda batura yana cikin ƙasarmu.

Ina 'ya'yanmu?

Tambayar ke nan da ta sa muka rubuta wannan. In an zo haƙar ma'adini, akwai mai ɗaukar kaya, akwai mai gadi, akwai kuma mai auna dutsen ya faɗi darajarsa. Wanne muke shirya wa 'ya'yanmu? Mun ga matasa sun yi shekaru suna ƙona wayoyi a Agbogbloshie domin su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai guba, har aka rushe wurin cikin 2021. Sun san jan ƙarfe da hannunsu fiye da kowa, amma riba mai tsoka tana wajen wanda ya san abin da za a yi da shi.

Ba basira muka rasa ba. Daga Suame Magazine ta Kumasi har zuwa shagunan gyaran waya na Nima, muna da masu hannun Faraday da yawa. Abin da ya rage shi ne a haɗa hannun da lissafi. Tun watan Satumba 2017 aka ɗauke wa iyaye kuɗin makarantar sakandare ta gwamnati, saboda haka uzurin ya ragu. In yaro ko yarinya ta nuna tana son lissafi, kada mu tsorata ta da cewa sashen kimiyya yana da wuya, mu ƙarfafa mata gwiwa ta zaɓe shi. Ɗalibin da yake karanta fiziks, in an yi hutu, ya je ya zauna a shagon mai naɗin fanka, ya ga abin da ke cikin littafinsa yana juyi. Masu sana'a kuma su bar yaransu su riƙa zuwa ajin yamma. Ƙungiyoyin matasanmu, waɗanda ba su gajiya da shirya gasar ƙwallo, za su iya ware rana ɗaya a wata su haɗa waɗannan kashi biyu a ɗaki ɗaya.

Ko a gida ma ana iya farawa. A sami ƙusa babba, a naɗa mata wayar jan ƙarfe mai rufi zagaye 30, a taɓa bakinta biyu da batirin tocila na ɗan lokaci kaɗan, domin wayar takan yi zafi, a ga allura nawa za ta ɗauka. Sa'an nan a mayar da zagayen 60 a sake ƙirgawa. Da batirin tocila kawai za a yi, kada a kusanci wutar bango ko kusa. In yaron ya tambaya me ya sa ta biyu ta fi ɗauka, kada a ce masa ya cika surutu. A ba shi takarda da fensir ya rubuta abin da ya gani, gobe ya kai wa malaminsa.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, amin.